Tarihin Colin Chapman, Maƙerin Motocin Lotus

Ran Alhamis 16 ga watan Disamba 1982 ne ciwon zuciya ya kama Colin Chapman farat ɗaya a gidansa da ke lardin Norfolk, a gabashin Ingila, rai ya yi halinsa yana da shekara 54 a duniya. Shi ne Baturen da ya kafa kamfanin motoci na Lotus, wanda ya fara aiki a gareji na aro, ya kuma kai ga motocinsa suka ɗauki kambun tseren duniya har sau bakwai. Ya bar suna iri biyu. Injiniyoyi suna lissafa shi cikin mafiya basira da aka taɓa yi a sana'ar ƙera mota. Waɗansu kuwa ba su manta da direbobin da suka mutu cikin motocinsa ba, ko kuɗin gwamnatin Biritaniya da suka salwanta ta hannun shi da abokan huldarsa. Duk wanda yake so ya fahimci yadda ƙananan motocin gudu suke, da dalilin da ya sa kula da su ya bambanta da kula da motar yau da kullum, tarihin wannan mutum zai amfane shi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Anthony Colin Bruce Chapman ran 19 ga watan Mayu 1928 a Richmond, kusa da birnin Landan. Haruffan farko na waɗannan sunaye huɗu, watau A, C, B da C, su ne ake gani a sarƙe a kan tambarin motocin Lotus, ko da yake da yawa daga masu kallon tambarin ba su san ma'anarsu ba. Mahaifinsa yana riƙe da wani otal ne kusa da tashar jirgin ƙasa ta Hornsey, a arewacin Landan, a can kuma yaron ya tashi.

Bayan ya gama makarantar sakandare sai ya shiga kwalejin Jami'ar Landan, inda ya karanta aikin injiniya na gine-gine, watau ilmin sanin yadda ƙarfe da sauran kayan aiki ke ɗaukar nauyi. A lokacin da yake ɗalibi ya koyi tuƙin jirgin sama a ƙungiyar mayaƙan sama ta jami'ar, kuma yana taɓa cinikin tsofaffin motoci don ya sami na kashewa. Cinikin ya tafi daidai har cikin 1947, sa'ad da gwamnati ta soke ɗan rabon man fetur da ake ba masu motocin kansu saboda ƙarancin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kasuwar motoci ta faɗi, Chapman ya yi hasara, aka bar shi da wata tsohuwar Austin Seven ƙirar 1930 wadda ba wanda ya taya.

Wannan mota ce ya kwance a garejin iyayen budurwarsa, Hazel Williams, ya sake mata jiki mara nauyi, ya shiga gasar hawan tuddai da laka da ita cikin 1948. Ita ce Lotus ta farko. Karatun nasa ya ɗan sha wuya saboda wannan shagala, don sai da ya sake rubuta jarrabawar lissafi cikin 1949 kafin ya karɓi digirinsa. Ya yi ɗan gajeren zama a rundunar mayaƙan saman Biritaniya, aka yi masa tayin zama hafsa na dindindin ya ƙi, daga baya ya kama aiki a kamfanin British Aluminium. Abin da ya koya game da jiragen sama da kuma ƙarfe mara nauyi shi ya zama jarinsa har ƙarshen ransa.

Kafa kamfani

Cikin 1952 ya kafa kamfanin Lotus a wani tsohon bargan dawaki da ke bayan otal ɗin mahaifinsa, da taimakon fam 25 da Hazel ta ranta masa. Da rana yana wurin aikin albashi, da dare yana ƙera motoci. Ya auri Hazel cikin 1954, suka haifi 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya.

Aƙidarsa tun daga farko ita ce rage nauyi, hujjarsa kuwa mai sauƙin ganewa ce. In an ƙara wa mota ƙarfin inji, za ta yi gudu ne kawai a miƙaƙƙiyar hanya. In kuwa an rage mata nauyi, za ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa in an taka birki, ta fi kama kwana, ta kuma rage shan mai da cin taya. Daɗin daɗawa, ragin nauyi yana haifar da wani ragin: mota mara nauyi ba ta bukatar babban birki ko sifirin mai kauri, su kuma in sun ƙanƙance sai shasin da ke ɗauke da su ya ƙara sirancewa.

Motarsa ta farko da aka sayar da yawa ita ce Mark VI, wadda aka ƙera ɗari da 'yan kai. An haɗa shasinta da siraran bututun ƙarfe da aka jera su alwatika-alwatika, domin alwatika ba ta karkacewa in an danne ta, ba kamar murabba'i ba. Cikin 1957 ya fito da Lotus Seven, mota mai kujera biyu wadda ba ta da ƙofa ta sosai, nauyinta kuma bai wuce rabin tan ba. Galibi a kwance ake sayar da ita cikin akwatuna, mai saye ya haɗa abinsa a gida, dalili kuwa shi ne dokar Biritaniya ta lokacin ba ta ɗora harajin saye a kan kayan mota da ba a haɗa ba. Da aka canja tsarin harajin cikin 1973 wannan rangwame ya ƙare, sai Chapman ya sayar wa kamfanin Caterham da ikon ƙera ta.

A cikin 1957 ɗin ne kuma aka nuna Lotus Elite a bikin nunin motoci na Landan. Ba ta da shasi irin wanda aka saba gani, jikinta ne ke ɗauke da kome, kamar yadda ƙwarya ke riƙe da kanta. An yi jikin da faiba, watau zaren gilashi da aka ƙafe da wani irin danko. Injinta na kamfanin Coventry Climax ne, wanda asalinsa an ƙera shi don famfon kashe gobara da mutum biyu za su iya ɗauka, shi ya sa ya zo da ƙarfi ba nauyi. An ƙera Elite dubu ɗaya da 'yan kai, amma aikinta ya yi tsada ainun, kamfanin ya riƙa faɗuwa a kanta.

Dabarun da ke ɓoye cikin Elan

Darasin da ya koya daga Elite shi ya haifi Lotus Elan cikin 1962, wadda masana da yawa ke ganin ita ce mafi nagarta cikin motocinsa na kan titi. Shasinta ƙarfe ne da aka naɗe kamar ƙashin baya, ya bi ta tsakanin kujerun biyu, ya rabu biyu a gaba da baya kamar gwafa. Jikin faiba kuma an ɗora shi a kai kamar sirdi a bayan doki. Nauyinta wajen kilo 680 ne, injinta mai silinda huɗu na Ford ne da aka sake wa kai, tana kuma da birkin faifai a ƙafafu huɗu a zamanin da manyan motoci da yawa ba su da shi. Ron Hickman, wanda ya yi babban aiki wajen zana ta, shi ne daga baya ya ƙirƙiro teburin kafinta mai naɗewa da ake kira Workmate.

Ɗabi'ar Chapman ce ya sa ƙarfe ɗaya ya yi aiki biyu. A Elite, sandar da ke kai juyin inji zuwa ƙafar baya ita ce kuma ke riƙe ƙafar kada ta karkace gefe. A Elan kuwa, ƙarfen da ya gitta gaban shasi an toshe shi ta ko'ina ya zama tanki, inda ake tara zuƙar iskar inji wadda ke ɗaga fitilun gaba da ke ɓoye cikin hancin motar. A motocin farko zuƙar ce ke riƙe fitilun a sama, saboda haka in tankin ya huje ko tiyon ya tsage, sai fitilu su riƙa sunkuyawa ana cikin tafiya da dare. Daga baya aka juya tsarin, sifirin ke ɗaga su zuƙa kuma ke danne su, yadda in an sami yoyo a buɗe za su tsaya.

Har ila yau bai ga laifin ɗauko kayan motocin talakawa ba in sun yi masa. Kayan ƙafar gaba da na sitiyarin Elan daga ƙananan motocin Triumph suka fito. Europa ta 1966, wadda injinta ke bayan direba, injin Renault ne a cikinta. Wannan ya sa kayan gyara da yawa na waɗannan motoci ba su kai tsadar da sunan Lotus zai sa a zata ba, muddin makanike ya san asalin kowane ƙarfe.

Abin da masu irin motocin suka koya

Motar da aka ƙera ba tare da rarar ƙarfe ba, ba ta yafe sakaci. Shekaru sun koya wa masu Elan da 'yan'uwanta waɗansu ƙa'idodi, da yawansu kuma suna da amfani ga duk mai motar gudu.

Na farko, faiba ba ta tsatsa, amma wannan yakan yaudari mai saye. Jiki yana iya ƙyalli alhali shasin da ke ƙarƙashinsa ya cinye. Wurin da ya fi lalacewa shi ne ginshiƙan nan biyu na gaba da ke riƙe sifirin, don ruwa na kwanciya a cikinsu in ƙananan ramukan da aka huda don ya fita sun toshe da laka. Tilas a riƙa share ramukan, wanda zai sayi tsohuwar mota kuma ya sa a ɗaga ta ya duba ƙasa kafin ya kalli fenti. Sai a farkon shekarun 1980 kamfanin ya soma shafe shasi da tutiya don kare shi.

Na biyu, faiba ba ta ɗaukar wutar lantarki. A motar da jikinta ƙarfe ne, jikin ne ke mayar da wuta zuwa batir, a nan kuwa kowace fitila da kowane agogo sai an ja masa wayar komawa tasa. Mafi yawan rikicin wuta da ake zargin waɗannan motoci da shi daga nan yake tasowa, maganinsa kuwa sau da yawa bai wuce a kwance mahaɗar wayar a kankare ta a sake ɗaurewa ba.

Na uku, kafiretocin Elan ba a ɗaure su tamau. An ɗora su a kan zoben roba, an sa wa notinsu wani ɗan sifirin, domin su ɗan riƙa motsi kada girgizar inji ta sa fetur ya yi kumfa a cikinsu. Makaniken da bai sani ba yakan ga sako-sako ya ƙara ɗaurewa, sai motar ta rikice. A ƙarƙashin kafiretocin kuma na'urar da ke raba wuta ga filogi take, saboda haka ɗigon fetur kaɗan ya isa ya tayar da gobara, faiba kuwa in ta kama da wuya a kashe. Warin fetur a irin wannan mota dalili ne na tsayawa nan take, ajiye tukunyar kashe gobara kusa da direba kuma wajibi ne.

Na huɗu, kada a ja fanbel ya yi tsauri fiye da kima. Famfon ruwan wannan inji a cikin murfin gaba aka binne shi, tsananin ja yana cinye shi da wuri, canja shi kuwa babban aiki ne da yakan kai ga ɗaga kan inji. Na biyar, a ƙasan ƙafar gaba akwai wani mahaɗi na tagulla mai zare da aka gada daga Triumph, wanda man giya yake so. In an cika shi da giris, giris ɗin yakan daskare, zaren ya bushe, wata rana ƙarfen ya karye ƙafa ta kwanta. Na shida, a sandunan ƙafar baya akwai zoben roba masu kauri da ke miƙa juyin inji. Su ne ke sa motar ta riƙa fizga in direba ya saki kulos ko ya taka totur da garaje. Hannu mai laushi yana tsawaita ransu, da zarar an ga tsaga a jikinsu kuma sai a canja, don in ɗaya ya tsinke sandar takan daki abin da ke kusa da ita ta yi ɓarna.

A motocin baya kamar Esprit, bel na roba ne ke daidaita buɗewar bawul, in ya tsinke fistin zai daki bawul inji ya lalace, shi ya sa ake canja shi bisa ga shekaru ko da motar ba ta yi tafiya ba. Haka nan mota mara nauyi ba ta bukatar iskar taya mai yawa kamar babbar mota, littafin kamfani ake bi. Taya takan tsufa ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, man birki yakan sha danshi ya rage ƙarfi, injin gudu kuma a bar shi mansa ya yi zafi kafin a matsa masa. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Fagen tseren duniya

A wurin Chapman sayar da motocin titi hanya ce ta samun kuɗin tsere. Shi kansa gwanin tuƙi ne, har kamfanin Vanwall, wanda ya zana wa shasi, ya ba shi mota a babban tseren Faransa na 1956, amma ya yi karo wajen gwaji bai shiga tseren ba. Ƙungiyarsa ta shiga gasar Fomula 1, watau ƙololuwar tseren motoci, a Monako cikin 1958. A ƙarshen shekarar nan ne ya yi tsere da wani saurayi manomi daga Sikotilan mai suna Jim Clark a filin Brands Hatch, dukansu cikin Elite. Chapman ya zo na ɗaya, Clark na biyu, daga nan ya sa masa ido har ya ɗauke shi.

Stirling Moss ne ya fara cin tseren Fomula 1 da motar Lotus, a Monako cikin 1960. Cikin 1962 Chapman ya fito da Lotus 25, wadda ya jefar da bututu ya yi mata jiki da fallen alminiyam kamar na jirgin sama, direba yana kishingiɗe a ciki. Ta fi na sauran ƙarfi da rashin nauyi, ba a daɗe ba kowa ya kwaikwaya. Da ita Clark ya ci tsere 7 daga cikin 10 na 1963 ya zama zakaran duniya. Ya sake ɗaukar kambun cikin 1965, a shekarar kuma ya ci shahararren tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka, karo na farko ke nan da mota mai inji a baya ta ci shi. Amma sau biyu, cikin 1962 da 1964, kambun ya kuɓuce masa a tseren ƙarshe saboda yoyon baƙin mai.

Chapman ya shawo kan kamfanin Ford ya ba da fam 100,000 aka ƙera sabon inji, wanda ya fito cikin 1967, a kamfanin Cosworth, wanda tsofaffin ma'aikatansa biyu, Mike Costin da Keith Duckworth, suka kafa. A Lotus 49 injin ne da kansa ya zama rabin shasi na baya, ƙafafun baya a jikinsa aka ɗaura su. Ta ci tserenta na farko a Holan. Cikin 1968 ya shafe motocinsa da launin wani kamfanin taba don karɓar kuɗin talla, abin da ya buɗe ƙofar da ta canja harkar tsere baki ɗaya. Lotus 72 ta 1970 ta zo da siffar tsinin gatari da lagireto a gefe biyu. Cikin 1977 da 1978 kuma ya fito da motocin da aka siffata ƙasansu kamar fiffiken jirgin sama a kife, yadda iskar da ke bi ta ƙasa ke ƙara gudu, matsinta ya ragu, motar ta manne da titi a kwana. Jimla ƙungiyar ta ci kambun maƙera cikin 1963, 1965, 1968, 1970, 1972, 1973 da 1978, direbobinta kuma suka ci nasu sau shida: Clark sau biyu, sai Graham Hill, Jochen Rindt, Emerson Fittipaldi da Mario Andretti. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta CBE cikin 1970.

Rayukan da aka yi hasara

Tun da wuri motocin tseren Lotus suka yi suna wajen karyewa. Cikin 1960 ƙafar motar Moss ta cire wajen gwaji a Beljiyam, ya ji mummunan rauni. Ran 7 ga watan Afrilu 1968 Clark, wanda ya ci tsere 25 duk cikin Lotus, ya kauce daga hanya a Hockenheim ta Jamus ya daki itatuwa ya mutu yana da shekara 32. Masu bincike sun fi karkata ga cewa tayar baya ce ta sace. Wata ɗaya bayan haka Mike Spence ya mutu wajen gwajin wata Lotus a Indianapolis. Mutuwar Clark ta girgiza Chapman ƙwarai, don ya ɗauke shi kamar ɗan'uwa, har ya yi tunanin barin tsere.

Cikin 1969 dogayen fikafikan da ya kafa wa motocinsa suka karye a tseren Sifen, Hill da Rindt suka yi haɗari a wuri guda, hukuma ta hana irin waɗannan fikafikai. Rindt ya rubuta masa wasiƙa yana ƙorafin cewa motocin za su ci gaba da cin tsere ko da an ƙara musu ɗan nauyi don ƙarfafa wuraren da ke da rauni. Ran 5 ga watan Satumba 1970 Rindt ya mutu wajen gwaji a Monza ta Italiya yana da shekara 28. Binciken hukumomin Italiya ya nuna sandar birkin gaba ce ta karye, shingen da motar ta daka kuma ba a kafa shi da kyau ba. Makin da ya riga ya tara ya sa ya zama zakaran duniya bayan mutuwarsa. An tuhumi Chapman a Italiya, sai cikin 1976 aka wanke shi. A Monza ɗin ne kuma Ronnie Peterson ya ji raunin da ya yi ajalinsa cikin Satumba 1978, a karon motoci da yawa, a ranar da abokin tuƙinsa Andretti ya tabbata zakara.

Masu kare Chapman suna cewa zamanin ne duka mai haɗari, direbobin kowace ƙungiya sun mutu, kuma ba kowane haɗari ne laifin mota ba. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa ya fi sauran maƙera kusantar iyakar abin da ƙarfe zai iya jurewa, waɗanda ke zaune cikin motar kuwa su ke ɗaukar kasadar.

Kuɗin DeLorean

Cikin 1966 ya mayar da kamfanin Hethel, wani tsohon filin jiragen yaƙi a Norfolk, cikin 1968 kuma ya sayar da hannun jari ga jama'a ya zama miloniya yana da shekara 40. Esprit ta 1976 ta yi suna bayan ta fito a fim ɗin James Bond cikin 1977. Duk da haka tsadar mai da karyewar kasuwa sun sa kamfanin ya shiga ƙuncin kuɗi a ƙarshen shekarun 1970.

A wannan hali ne, cikin 1978, ya karɓi kwangilar tsara motar wani Ba'amurke, John DeLorean, wanda gwamnatin Biritaniya ta zuba wa wajen fam miliyan 80 don ya kafa masana'anta kusa da Belfast, a Ireland ta Arewa, inda rashin aikin yi da tashin hankali suka addabi jama'a. Injiniyoyin Lotus sun yi aikin, aka kuma biya su. Amma an tura waɗansu kuɗin dabam, fiye da dala miliyan 17, zuwa wani kamfani mai suna GPD da aka yi wa rajista a Panama yana da adireshi a Janeba, da sunan ladan wannan aiki, kuɗin kuwa ba su shiga asusun Lotus ba. Masana'antar ta durƙushe cikin 1982 bayan ta ƙera motoci wajen 9,000, ma'aikata fiye da dubu biyu suka rasa abin yi.

Chapman ya mutu kafin bincike ya iso kansa, saboda haka bai taɓa tsayawa gaban alkali ya kare kansa ba. Cikin 1992 kotu a Belfast ta ɗaure Fred Bushell, wanda ya daɗe yana riƙe da kuɗin Lotus, shekara uku bayan ya amsa laifin haɗa baki don zamba. Alkalin ya bayyana cewa da Chapman yana raye aka gurfanar da shi, da ɗaurin da zai sha ya kai shekara goma.

Bayan mutuwarsa

Nasara ta ƙarshe da ya gani da idonsa ita ce ta Elio de Angelis a Ostiriya cikin Agusta 1982, inda ya ruga bakin titi ya jefa hularsa sama kamar yadda ya saba. Ƙungiyar tseren ta ci gaba, har Ayrton Senna ya ci tserensa na farko da ita cikin 1985, kafin bashi ya rufe ta cikin 1994. Kamfanin motocin titi ya koma hannun General Motors cikin 1986, ya bi ta hannun wani attajiri ɗan Italiya cikin 1993 da kamfanin Proton na Maleshiya cikin 1996, sa'an nan kamfanin Geely na ƙasar Sin ya sayi mafi yawan hannun jarinsa cikin 2017. Matarsa Hazel, wadda fam 25 ɗinta suka kafa kamfanin, ta rasu cikin Disamba 2021.

Dabarunsa sun fi shi tsawon rai. Jiki mai ɗaukar nauyin kansa, da inji mai zama ɓangaren shasi, da lagireto a gefe, duk sun zama ƙa'ida a motocin Fomula 1 bayansa. Da injiniyoyin Mazda na Japan suka tashi ƙera MX-5, wadda ta fito cikin 1989 ta zama ƙaramar motar gudu mai buɗaɗɗen rufi da aka fi saye a tarihi, Elan ta 1962 na cikin motocin da suka yi nazari a kansu. An binne Chapman a makabartar cocin ƙauyen East Carleton, 'yan mil kaɗan daga masana'antar Hethel.